Baba Datti da Alkyabbar Liman

Kullum bayan sallar asuba Baba Datti yakan buɗe shagonsa a Unguwar Shanu, ya ɗiga wa keken ɗinki mai, sannan ya sauko da takardunsa daga jikin ƙusa. Takardun buhun siminti ne, sun tsufa sun yi laushi kamar tsumma. A jikinsu marigayi maigidansa ya fitar da yankan alkyabba irin ta mutanen da, har da ƙoƙuwa, wato hular da ke rufe kai. Wadda ba shi da takardarta kuwa, sai an kawo masa tsohuwar ya farke ta ƙyalle-ƙyalle, ya shimfiɗa a kan sabon yadi, sannan ya yanka.

Na ce yakan buɗe, amma shagon yanzu a garƙame yake, kuma ba zai sake buɗuwa ba. Idanu sun tafi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami tun yana iya jin abin da zan faɗa.

Na daɗe ina ɗumama masa benci, kuma ba zan ɓoye ba, tsohon yana da wuyar sha'ani. A gabana wata Hajiya ta nuna masa hoto a waya, tana so a watsa wa alkyabbar amarya duwatsu masu walƙiya. Ya ce, “Hajiya, ga na kanti can birjik a kasuwa. Ni ba na ɗinka labule.” Kasuwar kuwa aka tafi, ita da sauran jama'a, aka bar shi da limamai da alarammomi.

Bara Malam Sharhabil ya gaji mahaifinsa a limancin wani masallacin Juma'a a Rafin Guza. Ya kawo alkyabbar marigayin, baƙa, wuyanta duk ya cinye.

Ya ce, “Baba, irinta sak nake so. Ita kaɗai ta rage mini da ƙamshinsa.”

“Malam, ka san sai na farke ta.”

“Na sani, Baba. Amana ce.”

Ya farke ta tsaf. Ashe ya daɗe yana ɓoye mana ciwon hawan jinin ido. Ranar da ya ɗora almakashi a kan sabon yadin, sai na ga ya tsaya cak, ya juyo wajena ya ce, “Alhaji, hadari ne ya taso?” Rana tsaka ce, babu ko ɗigon gajimare. A asibiti aka ce abin da ya tafi ba ya dawowa.

To ga tsohuwa a farke, ga sabuwa ba a yanka ba. 'Yarsa Hassana ta ce, “Baba, mu kai wa wani tela ƙyallayen mana.”

Ya ce, “Wa? Wanda zai bi ta da keke? Yadin ya tsufa, allurar keke yaga shi za ta yi.”

Sai ya zauna a kan tabarma. Kafin ta tafi aiki Hassana takan zura masa zare a allurai, ta soke su a jikin matashi. Shi kuma ya bi bakin ƙyalle da kan yatsa yana laluben ramukan tsohon ɗinki, inda allura ta taɓa shiga nan yake mayar da tasa. Makonni yana haka, yatsu duk huda. Na sha kawar da kai, don zuciyata ba ta iya ɗaukar kallon.

Da Malam Sharhabil ya zo, Baba Datti ya miƙa masa alkyabbar ya ce, “Malam, sabuwa ta gagara. Ga ta Malam babba na mayar maka. Ƙoƙuwar ta ɗan karkace, hannuna ya gaya mini. Ka yafe ni.” Liman ya cusa fuskarsa a ciki.

Ranar Juma'a da ita ya hau mumbari. Da aka idar, Baba Datti ya kama hannuna ya ce, “Alhaji, ta zauna masa a kafaɗa?” Na ce ta zauna. Daga ranar bai sake taɓa allura ba.

Baba Datti, kai ne telan da duhu ya riska da kayan mutane a hannu, bai ce ƙaddara ce ya naɗe hannu ba. Datti, dattijon arziki. Mun bar ka kana yanka kai kaɗai har hasken ya ƙare, babu wanda ya zo ya ce koya mini. Wannan abin kunyarmu ne, kuma yana yi mini ciwo. Mun gode, Allah Ya saka maka da hasken da ba ya gushewa.

Ku kuma masu sana'a, in kun farke abin wani, kada ku tashi sai kun mayar. Matasan teloli, ku je ku zauna a gabansa tun hannunsa bai manta ba, yana nan zauren gidansa bayan la'asar. Ba zai gane fuskarku ba, sai ku yi sallama ku faɗi sunanku.