Ranar da Albarushin Don Hermógenes Ya Ƙi Tashi

Duk wanda ya san garinmu Suesca mai manyan duwatsu ya san Anselmo Rincón, ko da tafin ƙafarsa ne, don shi aka fi gani daga ƙasa. Tun yana rarrafe uwarsa, Doña Floralba, ta daina nemansa a tsakar gida. In ya ɓace sai ta ɗaga kai. An ce ranar da aka kai shi coci za a sa masa suna, da ƙyar aka ɓamɓare shi daga gemun fada. Da ya girma sai wasa ya zama sana'a. Baƙi su zo hutu daga Bogotá da Medellín da ƙasashen da ko rediyo bai san sunansu ba, ya ɗaura musu igiya a ƙugu, ya bi da su ta gefen layin dogo har gindin duwatsu, ya haye gaba kamar ƙadangaren da aka yi wa kirari.

Sai dai jarumin namu yana da ciwon da bai taɓa faɗa wa kowa ba: ƙarar albarushi. Ko ashana aka ƙyasta da ƙarfi sai ya zabura. Ga shi kuma an haife shi a garin da har tsofaffi marasa haƙori ke wasan tejo. Ka tsaya daga nesa, ka wurga faifan ƙarfe cikin akwatin yumɓu, in ka dace ya daki ɗan ƙunshin albarushin da aka ɗora a tsakiya, ya fashe, a yi maka tafi.

Muddin rana na waje, asirinsa a rufe yake. Ruwan sama ne abokin gabarsa. Dutsenmu in ya sha ruwa santsi yake yi, gefensa ya riƙa ɓantarewa a hannu, don haka ba mai hawa. A irin wannan rana sauran masu jagora sukan kwashi baƙinsu zuwa rumfar tejo ta Don Hermógenes. Anselmo kuwa sai ya ƙirƙiro nasa. Ya kai su wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, ya kai su kallon gwaggonsa tana kaɗa zaren ulu, ya zaunar da su a madafar uwarsa su yi ta ɓarar wake, wai yana ƙarfafa yatsu. Akwai wani likitan haƙori Bajamushe da ya yini riƙe da wutsiyar saniya ana tatsa, don Anselmo ya ce masa al'ada ce. Mutumin ya koma ƙasarsu yana godiya.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, zuciyarsa ba ta ga kowa ba sai Ludivia, 'yar Don Hermógenes. Ita ke ajiye ƙunsoshin albarushin a cikin gwangwani a saman murhu, kuma abin alfaharinta ke nan: ko damina ta kai ina, nata bai taɓa ƙin tashi ba. Anselmo ya yi zance da ita a kasuwa, a ƙofar coci, a tashar mota, ko'ina ban da rumfar ubanta. In ta tambaya, ya ce likita ne ya hana kafaɗarsa jifa.

Sai ga wata damina da sama ta manta yadda ake rufe baki. Baƙinsa a lokacin wasu malamai mata ne daga Medellín, babbarsu Marleny, mace mai murya kamar ƙararrawar coci. Sun yi wankan ruwan zafi har fatarsu ta yamutse, sun ɓare wa Doña Floralba waken da zai kai ta baɗi, saniyar ma da ta hango su sai ta juya baya. Ranar nan Marleny ta ajiye ƙwaryar wake ta ce su fa tejo za su yi, kuma sun riga sun gaya wa wata yarinya mai fara'a a kasuwa cewa shi zai kawo su. Bai tambayi sunan yarinyar ba. Ya sani.

Da hantsi ya riga kowa zuwa rumfar, bargon ulun da ke wuyansa ya jiƙe sharkaf. Ludivia ta yi murna har ta rasa inda za ta sa shi. Ta ce ya duba mata tukunyar ruwan mazarƙwaila, za ta karɓo cuku a maƙwabta. Fitarta ke da wuya Shaiɗan ya zauna masa a kafaɗar nan da likita ya hana jifa. Ya sauko da gwangwanin, ya matse gefen bargonsa a ciki, ɗigo-ɗigo, ya girgiza, ya mayar. Ya san mai ɗora ƙunshin hannunsa duk yumɓu ne, ba zai ji danshi ba.

Bayan azahar rumfa ta cika, don ruwa ya hana kowa gona. Aka fara jifa. Faifai ya daki ƙunshi, shiru. Aka canza wani, shiru. Don Hermógenes da kansa ya naɗe hannun riga, ya wurga ya dirka a tsakiya, abin ya ɗan yi fus kamar atishawar kyanwa.

"Hermógenes," in ji tsoho Arcadio, abokin wasansa tun ƙuruciya, "ashe albarushin ma yana bin shekarun mai shi ne?"

Rumfa ta ɗauki dariya, har da baƙi. Fuskar Don Hermógenes ta yi ja. Ya murza ƙunshi ɗaya a yatsa, ya ji laima, ya ƙwala wa 'yarsa kira. A gaban kowa ya wanke ta tas. Ya ce tunda ta fara tsayuwar ƙofar coci hankalinta ya bar gida, aiki ɗaya tak aka ba ta ta kasa, ta kunyata shi a gaban mutanen da suka zo daga nesa. Ludivia kuwa sai juya gwangwanin take tana duba inda yake yoyo.

Anselmo yana tsaye, ya ƙura wa kwanon rufi ido kamar shi ya buga shi. Faɗan ya yi tsawon lokacin da za a dafa dankali a ci. Sai da uban ya miƙa hannu ya ce ta ba shi gwangwanin, daga yau ba ita ba shi, sannan wata 'yar murya ta fito daga bakin Anselmo.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

"Kai ne me, ɗan Floralba?"

"Ni na jiƙa. Ƙarar nake tsoro."

Ya so ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ai ba ta san shi ba, bai cika taka ta ba. Don Hermógenes bai zage shi ba, da ma ya zage shi ya huta. Sai ya aika aka aro busassun ƙunsoshi, ya ce wa Marleny ta jefa. Matar da ba ta taɓa riƙe faifai ba ta rufe ido ta wurga, abin ya tashi kamar aradu. Kafin hayaƙi ya washe, Anselmo yana can maƙale a ƙarshen ginshiƙin rumfa, ba igiya ba komai. Arcadio ya ce a bar shi, ai ya koma gida.

Da ya sauko ya tarar da Ludivia a madafa tana shanya ƙunsoshin ɗaya-ɗaya. Ya fara kame-kame a kan tsoro, ta katse shi.

"Tsoronka naka ne, Anselmo, ni ma gizo-gizo nake gudu. Amma kana tsaye Baba ya yi mini wankin babban bargo, kai kana kallon rufi."



Daga ranar ta daina tsayawa a ƙofar coci. Shi kuwa duk ranar ruwa sai ya kawo baƙinsa rumfar, ya tsaya gabansu ya faɗi da bakinsa dalilin da ba zai yi jifa ba, a yi masa dariya da harsuna iri-iri, sannan ya zauna a kan benci ya rungume shi hannu biyu kada ƙarar ta tashi da shi. Ba wanda ya sa shi. Haka ya yi har damina ta wuce, wata daminar ta shigo.

Kwanan baya ne Ludivia ta ajiye masa kofin ruwan mazarƙwaila, ba ta ko dube shi ba.

"Ka turo Doña Floralba wurin Baba. Amma ka sani, ranar biki sai an harba albarushi daga safe har yamma, kuma a ƙasa nake son ganinka, kusa da ni."

Ya ce to. Tun ranar yake ramewa.