Ambulan ɗin da Ban Buɗe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, sakataren sashenmu ya kira ni ya ce Allah ya yi wa Malama rasuwa. Na ce wace Malama, alhali na sani. A sashen nazarin zamantakewa mutum ɗaya muke kira haka, a bayan idonta kuma mu ce Jan Biro.

Malama, ba kya yabo da baki, ba kya faɗa da baki, komai a gefen takarda kike rubuta shi. Duk inda aka buɗe gurbin tallafin bincike ko gasar lambar yabo ga ɗaliban babban digiri, sai kin liƙa a ƙofar ofishinki, kin ja layi ƙarƙashin ranar rufewa. Na ga ranar da kika tare wani abokin karatunmu a matakala, kika hana shi tafiya sai da ya cike fom. Yana gunaguni kina cewa, "Zauna, ɗan nan, kunya ba ta taɓa ba kowa gurbi ba." Yau shi ma malami ne.

Ni ce na kasa fahimtarki. A shekarata ta biyu, lokacin ke ce mai duba aikina, aka ce kowane malami ya gabatar da ɗalibi ɗaya don wani gurbin tallafin bincike. Na yi wata takwas ina hira da mata masu shara a asibiti, na sa a raina gurbin nawa ne. Sunaye suka fito, babu nawa. A ranar kika aiko mini da aikina cikin ambulan. Na jefa shi ƙasan akwati, na nemi a canja mini mai duba aiki. Shekara shida, in na hango ki sai in sake hanya. Sau ɗaya kika tsayar da ni a bakin laburare kika ce, "'Yar nan, kin karanta kuwa?" Na ce na karanta. Ƙarya na yi miki.

Bayan an kai ki makwancinki na buɗe ambulan ɗin. Ashe sunayen matan nan na gaskiya na rubuta, su arba'in da ɗaya, tare da duk abin da suka faɗa a kan shugabanninsu. Kin bi su ɗaya bayan ɗaya kin soke, kin sa lamba a madadin kowanne. A shafin ƙarshe kin rubuta: "In wannan ya fita haka, za a kore su daga aiki. Gyara ki kawo. Gurbin baɗi naki ne." A ƙarƙashinsa ga wasiƙar shaida, kin sa hannu, kin bar wurin kwanan wata babu komai.

Na yi kuka, na ji kunya, kuma har yanzu ina jin ta. Fushin da na yi ta riƙo a kan alheri na yi shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da duk wanda jan bironki ya taɓa gyarawa. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa matan nan. Ki yafe mini, Malama. Yanzu na karanta.