Ranar Da Gwadabe Ya Tsaga Salansa

Ƙanena Gwadabe ɗan kabu-kabu ne, shekararsa goma sha ɗaya yana jigila tsakanin Gummi da ƙauyenmu. Da safe ya kai wa matan ruga jarkokin nono gari, da la'asar ya komo da gishiri, da maganin hawan jinin Inna, da duk fasinjan da ya samu. Ba ya sha, ba ya faɗa. Aibinsa ɗaya: duk abin da aka faɗa a rumfar makanikai, a wajensa ya zama karatu.

A wajenmu kuwa ƙarar babur ba abin wasa ba ce. Tun da 'yan bindiga suka fara shigowa ƙauyuka a kan babura, kowa ya koyi saurare. Mace tana daka sai ta tsayar da taɓarya ta kasa kunne. Amma na Gwadabe kowa ya san shi. Kukansa a hankali yake kamar keken ɗinki, ga wani ɗan tari da yake yi in ya hauro daga rafi. Inna idonta ya yi rauni, amma da ta ji tarin nan sai ta ce a zuba masa ruwa a buta.

Sai wani Sagir mai walda ya ce masa akwai wani abu mai ƙananan ramuka a cikin salansa, makanikai na ce masa indomi, wai shi ke shaƙe babur. In aka cire, zai ci yashi kamar kwalta. Na tambayi Gwadabe, babur ɗin da bai taɓa barinsa a hanya ba, me ya yi masa? Ya ce ni mace ce, ban san inji ba. Sagir ya tsaga salansar, ya farfasa abin, ya haɗa da duk ƙarfen da hannunsa ya kai, ya liƙe.

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ƙarar salansar, kamar babura biyar sun taho tare. Kafin ka ce me, gari ya watse. Mata suka bar tukwane a wuta, mai unguwa ya faɗa cikin dawa da rawaninsa a hannu. Na ja Inna muka bi ta bayan danga, ta yi tuntuɓe da kututture, wuyan hannunta ya karye.

Shi kuwa gogan ya shigo fili yana murmushi, yana ƙara murɗa totur don a ji, ya tarar ba kowa sai kaji. Ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba.

Mai unguwa ya yanke cewa daga rafi Gwadabe ya riƙa kashe babur ɗin yana turowa. Mutumin da ya so cin yashi, ga shi yana tura babur da kaya a cikin yashin, gumi har gira. Ya koma wajen Sagir ya ce, "Mai da mani abina." Sagir ya nuna masa ƙasa ya ce, "Wane abu? Ga shi nan ya zan gari."

Ƙarshe wata salansar ya sayo. Ba ta da ƙara, amma ba ta tari.

Ya zo ya durƙusa gaban Inna, hannunta na ɗaure da karan mai ɗori. "Inna, na gyara shi. Ba ya ruri yanzu."

"Na jiya," in ji ta. "Amma ba naka ba na. Da can in na ji ka, buta nika nema. Yanzu kowa at tahe, takalmana nika lalube."

Wata takwas ke nan. Kullum la'asar ni nake zuba masa ruwan, ita kuma tana zaune bakin tabarma da takalman a cinyarta.