Kiran Ladan a Tsakiyar Ruwa

Duk unguwar Umbadda, da ke ƙetaren kogi daga Khartum, an san Dogo mai gyaran keke, kuma rabin masu saninsa sun ɗauka akwai ɗan motsi a kansa. Ina dalili, dattijo mai shekara sittin da huɗu, maimakon ya zauna a inuwa yana kurɓar shayi da sa'o'insa, sai azabtar da jiki? Kowace Juma'a da hantsi yakan faɗa kogin Nilu a mashigar Abu Ruf, ya yi iyo zuwa tsakiya ya dawo, ya hau keke har shagonsa da ke bakin unguwa, ya jingine shi, ya ƙarasa gida da gudu. Shekara talatin yana haka tare da amininsa Ladan, makanike a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum.

Ƙa'idarsu ɗaya ce. A tsakiya, inda ruwa ke ja da ƙarfi, Ladan zai ɗaga kai ya ce, "Ya Dogo!" Shi kuma ya ce, "Na'am!" In an kira mutum bai amsa ba, mai kiran ba shi ba komawa gida sai ya nemo shi.

Da yaƙi ya ɓarke, Ladan ya ƙetara Khartum duba garejinsa, bai dawo ba. Ba gawa, ba jana'iza. Dogo ya shekara biyu bai taɓa kogin ba, har cinyoyinsa suka saki. Da ƙura ta ɗan lafa, wata Juma'a ya fito da keke, 'yarsa Mawahib ta tare ƙofa.

"Ya Yaba, bahar ɗin nan, kogin nan, ba na da ba ne, wallahi. Mutum nawa ya ci? Ka tsaya ga ajala, keken nan naka, kifaya, ya isa haka!"

"Ƙarfen da aka ajiye tsatsa yake yi," in ji shi, ya raɓa ta ya wuce.

Ya tarar da bakin kogi wayam. Babu masunta, babu masu shayi, sai kwale-kwale a kife. Ya yi bismilla ya shiga. Yana isa tsakiya ya ji an kira daga hagunsa, gefen da Ladan ke bi.

"Ya Dogo!"

Muryar Ladan ce sak, har da ɗan fiton da giɓin haƙorinsa ke sa ta yi. Bakin Dogo ya riga ya buɗe, sai ya tuna Gogo, kakarsa da ta rene shi a gonakin Jazira. Takan ce duk wanda aka kira daga cikin ruwa ya amsa, ruwa ya mallake shi. Ya cije harshe. Aka sake kira, aka yi na uku. Ya juya da kyar ya fito a tsorace.

A kan keke bai ji komai ba. Sai da ya jingine shi ya fara gudu ya ji sawu a bayansa, ƙafar hagu tana ɗan ja, irin gudun Ladan. Ya waiwaya, layi babu kowa. Ya ƙara sauri, sawun ya ƙara.

Dab da gida abin ya faɗo masa: an kira shi bai amsa ba. Mutumin nan ba kama shi ya zo yi ba, nemansa yake, kuma ba zai tafi ba sai ya same shi. Tsoron ya koma kunya. Ya tsaya cak a kan busasshiyar ƙasa, ya juya yana haki.

"Na'am, ya Ladan. Na fito lafiya. Koma ka huta, ya akhuy, ɗan'uwana."

Sawun ya ɗauke. Mawahib ta same shi zaune a dakali yana kuka, abin da ba ta taɓa gani ba.

Har yau Dogo yana iyonsa, yana hawan kekensa, yana gudunsa. A tsakiyar ruwa yakan ɗaga kai ya saurara, ba a sake kiransa ba.