Rawar da Na Yanke a Bikin Agwada

Mijina ne ya koya mini riƙe kyamara. Shi ke ɗaukar bukukuwa a Keffi, amma a gidaje da yawa iyakarsa zaure, don ba a barin namiji ya shiga wurin mata. Sai ya fara miƙa mini kyamarar a bakin ƙofa, ni in shiga. Ɗan karatun da na yi a ajin manya ya ishe ni gane rubutun jikin maɓallai. Da ciwon baya ya zaunar da shi a gida, aikin ya dawo hannuna gaba ɗaya. Yau ina unguwar Liman Abaji wurin suna, gobe ina bayan mashin da jaka a cinya za ni ƙauye. Goyo ma na sha yin aiki da shi a baya.

Ƙa'idata guda ce, kuma mata sun san ta. Abin da na ɗauka a cikin gida, babu namijin da zai gani sai uwar biki ta gani tukuna. Duk matar da ta ce a cire ta, zan cire ta. Shi ya sa suke sakin jiki a gabana.

Wata damina aka kira ni kamu a Agwada. Yayan ango, wani Alhaji mai shagon tayoyi a nan Keffi, shi aka ɗora wa kai ni da dawo da ni. A hanyar zuwa, a gabana ya ce wa matarsa kada ta kuskura ta shiga fili, shi ba ya son iyalinsa a bidiyo. Ya ƙara da cewa in ya ji labari, ta wuce gidansu daga can. Ta ce to.

Amma kiɗan ƙwarya ba ya barin mutum. Da la'asar ta gabato, dangin amarya suka ja ta tsakiyar fili, wai matar yaya ba ta zama. Ta ƙi, ta ƙi, sai kuma ta saki. Ɗankwali ya faɗi, aka yi ta guɗa ana liƙa mata. Rawa ce mai kyau, ban ɓoye ba. Ni kuwa ina ɗauka, don amarya na gefenta.

Ina naɗe waya sai ga ta a bayana, tana haki.

"Yaya, kin ɗauka?"

"Na ɗauka."

"Na shiga uku. Don Allah ki rufa mini asiri. Kin dai ji abin da ya ce."

Na ce ta kwantar da hankalinta, zan cire. Ita a can za ta kwana don kai amarya, ni kuwa na shiga motar Alhaji. Ni da wata gwaggonsa tsohuwa muna baya, shi yana tuƙi.

Ba mu yi nisa ba ya dube ni ta madubi.

"Malama mai kyamara, biki ya yi kyau?"

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"Miƙo in ga abin da aka yi."

Na ce ai yana tuƙi. Nan take ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Gonakin doya ne hagu da dama, babu gida ko ɗaya, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

"To na tsaya. Wani yaro ya ce mini wata magana. Ina so in gani da idona."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Na cikin gida ne. Sai uwar amarya ta gani."

"Bikin ƙanena ne fa. Ni na ɗauko ki."

"Haka ne. Amma akwai matan mutane a ciki, wasu ba mayafi."

"Ni ba matan mutane nake nema ba. Tawa nake nema. Ta yi rawa ko ba ta yi ba?"

Ban iya ƙarya ba, kuma gaskiyar ba tawa ba ce da zan bayar. Na sunkuyar da kai na ce ni ba na kawo labarin cikin gida waje. Sai na ƙara matse jakar a jikina.

Gwaggon ta tofar da goro ta taga.

"Kai dai ka ja mota. Uwarka ma ta yi rawa a bikina, ba a mutu ba."

"Gwaggo, ba da ke nake ba."

"Da ni kake mana, tunda ƙafata ce ke kumbura a nan."

Bai yi dariya ba. Ya juyo gaba ɗaya, ya miƙo hannu ta tsakanin kujeru. Ya ce ko in ba shi kyamara, ko in sauka. Ya faɗa a hankali, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. Na tuna 'ya'yana a Gangaren Tudu suna jiran tuwo. Na tuna kyamarar nan ita kaɗai gare mu, kuma ruwa ɗaya ya ishe ta. Sai na tuna fuskar baiwar Allah nan tana haki a bayana.

Na buɗe ƙofa na sauka.

Gwaggo ta yi ta salati tana kiransa mara kunya. Na ga kamar zai fasa, amma girman kai ya hana shi. Motar ta tafi, na ji muryar Gwaggo tana faɗa har suka sha kwana.

Abu na farko, na zare katin da bidiyon ke ciki daga kyamara na ƙulle a gefen zanena. Sannan na nannaɗe kyamarar da ledar da aka zuba mini cincin, na sa a jaka, na tura jakar ƙarƙashin hijabi. Iska ta taso. Na kama tafiya a bakin hanya, ina waiwaye duk sanda na ji ƙarar inji, rabina yana son mota, rabina yana tsoron shi ne ya dawo. Ruwa ya fara sauka manya-manya.

Wata motar doya ce ta tsaya. Direban mutumin kudu ne, Hausarsa gaba ɗaya ba ta wuce "Mama, ina zuwa?" ba. Matarsa ta matsa mini a gaba. Ina ɗigar ruwa har Keffi, hannuna duka biyu a kan cikina, har matar ta tambaye ni ko juna biyu gare ni. Na isa gida ana kiran magariba. Na jiƙe har fata, jakar kuwa a bushe.

Washegari na rufe ƙofa na zauna gaban kwamfuta. Ko mijina ban bari ya leƙo ba. Yankewar ta yi mini ciwo, domin a nan ne amarya ta fi dariya a duk bikin. Na cire. Na cire wasu mata ma da suka aiko daga baya. Na kai wa uwar amarya, ta kalla a ɗakinta, ta sa albarka.

Bayan bidiyon ya zaga dangi, Alhaji ya kira ni.

"Na kalla. Akwai wurin da waƙa ta tsallake. Kin yanke."

"Na yanke, ranka ya daɗe. Duk wadda ta roƙe ni na cire ta."

"Su wa da wa?"

"Suna da dama."

Sai ya kashe wayar.

Tun daga nan danginsa ba su sake kirana biki ba, kuma dangi ne babba. Matarsa tana ɗakinta har yau. Ina ganinta a kasuwa wani lokaci. In yana kusa, ba ma gaisawa.