Takalmin Kaka da Ƙafar Baffa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Malam Bello, amma bana tunaninsa ya hana ni zama wuri ɗaya.

Ciwon suga ne ya sa aka yanke masa yatsu uku a ƙafar dama. Da ya dawo ƙauyenmu Zakka daga asibiti, aka yi yadda aka saba: aka karya kara daidai tsawon ƙafarsa mai lafiya, aka ba mai zuwa kasuwar Batsari ya sayo takalmin roba irin na makiyaya. Na hagu ya zauna daram. Na dama kuwa gabansa fanko, sai Kaka ya riƙa cusa tsumma. In ya kama ni ina kallo, sai ya ce, "Amarya, ko kin fasa auren gurgu ne?" In rufe fuska in ruga.

Amma ina lura. Tsumman yakan sha gumi ya dunƙule ya yi tauri, ya wuni yana gugar dungulmin a bayan shanu. Shi ba ya ji, don ciwon ya kashe masa ƙafar. Ranar da aka ga jini, gyambon ya riga ya yi zurfi. Bai ƙara fita kiwo ba.

Yanzu ga ɗansa, Baffa Sale, shi ma an yanke masa yatsu biyu. A asibiti a Katsina an ce ya koma a auna ƙafar ita kanta, a yi masa takalmi mai faɗin baki, da shimfiɗa mai laushi da ciko a gurbin yatsun. Baffa ya ce, "Ni soja ne? Wa ya taɓa kiwo da wannan ƙaton abu?" Jiya na ji yana cigiyar mai zuwa kasuwa.

Da Kaka na nan, me zai ce? Ina jin zai fara yi masa tsiya, sannan ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

An raba shanunsa, an rushe ɗakinsa. Abin da ya saura nasa a wurina shi ne abin da idona ya gani. Yau da safe na durƙusa gaban Baffa, na faɗa masa duka. Ya daɗe yana duban ƙafarsa, sannan ya tambaya ƙarfe nawa motar Katsina ke tashi.

Allah ya jiƙan Kaka.