Gurun Baba Idi

Har yau ban manta da safiyar da Baba Idi ya dawo wurina karo na uku ba, ana gab da damina. Lokacin ina majo a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, arewa da Dakoro. Majo shi ne ma'aikacin jinyar da ke riƙe da gidan, don lokotoro, wato dakta, sai a birni.

Manomi ne, ya haura sittin. Gefen cinyarsa ta dama ke zafi kamar an shafa barkono, wani lokacin wurin ya mutu murus. Ciwon cinya bi ake daki-daki: ko tsoka ce ta sha aiki, ko gurbin allura ya yi ƙurji, ko daga gadon baya ciwon ke saukowa, ko jini ya daskare a jijiya. Duk na tambaya, na latsa, amma ta saman wando, don ina jin nauyin in ce wa sa'an ubana ya kwance tufa. Sau biyu ina sallamarsa da ƙwayoyi.

"Majo," ya ce, "sa na zan saida in tahi Maradi a yi mani radiyo, hoton ƙashi. Haka ubana ya hwara, ƙahwa ta shanye."

Da bijimin nan guda yake huɗa, in ya tafi noman bana ya tafi. Na rufe ƙofa na ce, "Baba, ka yi mani aikin gahwara, ɗaga riga."

Sai ga guru, ɗamarar layu ta fata, ya nutse cikin naman ƙugunsa har ya yi shata. Ubansa ya ɗaura masa tun yana saurayi ɗan kokawa, siriri. Yanzu tumbi ya zo, guru bai ƙaru ba. Daidai ƙashin ƙugu akwai jijiyar da ke kai ji ga fatar cinya, ita yake matsewa. Kunya ta kama ni, wata biyu na ɓata masa.

"Baba, wanga za a cire."

Ya dafe shi da hannu biyu, idonsa ya cika. "Ɗana, gara a cire ƙahwar. Shi kaɗai ya rage mani na tsoho."

Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce, "To kar a cire. A kai wa baduku ya ƙara mashi hwata."

"Ana ƙarawa?"

"Ana ƙarawa, Baba."

Faɗin yatsa huɗu aka ƙara. Zafin bai tafi rana ɗaya ba, amma ruwan shuka ya same shi a gona, yana huɗa bayan sansa.

Ku da kuka fara aiki yanzu, ku nemi gafara ku duba fata da idonku. In kuka tarar da abin da mutum ba zai iya rabuwa da shi ba, kar ku yi masa gardama, ku nemo inda za a sassauta.